Memorin Auta

Kawuna mai buga takardu ne. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a barandar da ke kallon ƙofar ofishin rajista, da teburinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda ya tokare da guntun katako. Takardar koke, takardar neman aiki, takardar shaidar shekaru, duk wurinsa ake zuwa. Mutum zai zo da maganarsa a hargitse, Kawu ya sunkuyar da kai yana saurare, sai mutumin ya gaji ya yi shiru sannan ya ce, "To, ka gama?" Daga nan yake sa yatsu. Dokokinsa biyu ne: ba a katse mai magana, ba a kuma fara wasiƙa daga tsakiya. Mu da muka tashi a gabansa mun sha ranƙwashi a kan ta farkon.

Tafireta ya sani, baƙa, mai nauyin jaki. Auta ce ta raba shi da ita. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, tana karatun aikin jinya, ga baki kamar reza, ga dariyar da ake jiyowa daga bakin titi. Ta kawo masa kwamfutarta ta cinya, ta zaunar da shi duk ƙarshen mako tana koya masa. Shi kuwa dukan maɓallan yake yi da ƙarfin da ya saba.

"Baba, ba gaba kake yi da ita ba fa!" in ji ta. "Lallaɓa ta ake yi."

Abin da ta koya masa ranar Asabar, kafin Litinin ya bi iska. Da ta gaji, sai ta zauna gaban kwamfutar ta ɗauki kanta a bidiyo, tana bayani dalla-dalla: ga inda ake kunnawa, ga yadda ake ajiye takarda, ga yadda ake aika wa firinta. Ta bar masa kwamfutar ta koma makaranta ranar Lahadi. Zazzaɓi ya kama ta a can. Kwana tara ta yi, ta rasu.

Ni mai gyaran kwamfuta ne. Shagona yana ƙarƙashin matattakalar bene a ginin masu sayar da waya, wurin da in ka miƙe tsaye da sauri sai ka gaisa da siminti. Wata biyu bayan rasuwar, Kawu ya zo da kwamfutar a naɗe cikin tawul. Ya ce tana ɗaukewa, fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu ta sake tashi da kanta. Ranar mutane sun yi mini yawa, ga wata kwamfutar a buɗe a gabana. Na kunna tasa, na ga rubutun da ta nuna, ko ɗaga kai ban yi ba na ce, "Memori ne, Kawu. Ya lalace. Cire shi za a yi a jefar, a sa sabo."

 Ya rufe ta, ya mayar cikin tawul, ya ce, "To, Injiniya, Allah ya yi albarka." Ya tafi.

Baki shi ke yanka wuya. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. A bakinmu masu gyara, memori wasu 'yan sanduna ne sirara da kwamfuta take riƙe aikin da ke hannunta a kansu, da an kashe ta babu abin da ke saura a ciki. A bakin Kawu kuwa, da na kowa a titi, memori shi ne ɗan katin nan na waya, inda hotuna da muryoyi suke. Ya taɓa ganin maƙwabcinsa ya rasa hotunan 'ya'yansa kaf saboda memori ya ƙone. Abin da kunnensa ya ji shi ne, ɗan ƙanwarsa zai cire Auta ya jefa a kwandon shara.

Shekara biyu bai sake kawo ta ba. In mun haɗu a gida na tambaya, sai ya ce, "Tana nan, muna lallaɓawa." Ni kuma da sakarcina na ɗauka wani ya gyara masa.

Umma ce ta tayar da ni. Wata rana na shiga gaishe ta, ta ce, "Kai, ka je ka ga yayana. An ce in an tashi daga ofis ba ya tafiya gida. Zama yake yi yana magana da kwamfuta."

Na je da yamma, an rufe ƙofar ofis, masu hoton fasfo sun naɗe ƙyallensu sun watse. Barandar babu kowa sai shi. Tun daga nesa na ji muryar, sai da ƙafata ta tsaya. Auta ce, sak, har da yadda take jan "Baaba". Na ƙaraso a hankali na tsaya bayansa. Tana cikin fuskar kwamfutar, ɗankwalinta ya zame, tana nuni da yatsa, shi kuma yana amsawa, "Na gani. To. Na danna." Ya haddace komai, har inda za ta yi tari.

Can sai ta gyara zama, ta matso kusa, ta ce, "Baba, in ba na nan, kuma ka ga fuska..."

Ɗif. Shuɗi ya rufe ta. Ɗigo biyu da baki a karkace, irin fuskar baƙin cikin nan da kwamfuta take nunawa, suka tsaya inda fuskarta take. Tsigar jikina ta tashi, ni da nake ganin wannan shuɗin sau goma a wuni.

Kawu bai juyo ba. Ya san ina nan. Ya jawo wani ƙaramin littafi daga aljihu ya miƙo mini ta kafaɗa. Kwanan wata ne a jere, kowanne da kalmomi a gabansa. "Baba, in." "Baba, in ba na." "Baba, in ba na nan." Wata rana takan mutu tun kafin a zo wurin, wata rana ta ƙara masa kalma ɗaya. Kalmar "fuska" wata huɗu ya yi yana jira kafin ya same ta.

"Fuskar wa take nufi?" ya ce. "Tata? A mafarki? Yarinyar nan ta san za ta tafi. Wasiyya za ta ba ni, ake hana ta."

"Kawu, ai ana iya tsallakawa gaba. Jan bidiyon kawai za a yi."

Ya juyo ya yi mini kallon da ya saba yi mini ina ɗan shekara bakwai. "A fara daga tsakiya?"

Na zauna a bencin masu jira. Tsoro ne ya kama ni, ba na aljanu ba, na sana'a. Kwamfutar da take mutuwa haka tana tsakiyar aiki, wata rana sai ta tafi da abin da ke buɗe. Na tambaye shi ko ya taɓa rasa takarda. Ya ce makon jiya ma wani koke ya koma wasu alamomi marasa kan gado. To bidiyon fa? Kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma kullum shi ne a buɗe lokacin da take faɗuwa.

Na dafa teburinsa. "Kawu, wannan mene ne?"

"Tebur mana."

"Wannan fa?" Na taɓa durowar da yake kulle takardun mutane.

"Kai, ka mai da ni yaro ne?"

"In saman teburin nan ya ruɓe, aka canza katako, takardun cikin durowa za su ɓace? Abin da na ce maka ya lalace, saman tebur ne. Auta tana cikin durowa. Ni ne ban yi maka bayani ba, ka yafe mini."

Ya dubi durowar. Sannan ya ce, "A gabana za ka yi."

Washegari da hantsi na rufe shago na zo da kayan aiki. Kafin in taɓa ko noti ɗaya, na kwafe bidiyon a filash, ina addu'ar kada ta mutu a tsakiya, na damƙa masa a hannu. Na kashe ta, na cire batir, na kwance bayanta ina tara notukan a murfin kwalba. Ƙura ta toshe fanka, na hure. Ga sandunan memori guda biyu kwance. Na zare su, na goge haƙoransu da magogin fensir ɗin Kawu, na mayar da ɗaya kaɗai, na sa gwajin da ke bin memori lungu-lungu. Muka zauna muna kallon lambobi suna gudu. Mutum biyu suka zo da takarda, ya ce su dawo gobe. Sanda ta farko ta fita lafiya. Na sauya mata rami, nan ma lafiya. Na sa ta biyu. Ko minti goma ba a yi ba jajayen layuka suka fara zubowa.

"Ga ɓarawon," na ce. "Wuri ɗaya ne ya ruɓe a cikinta. Sai aiki ya taru, ta ɗau zafi, a kai wurin, sai ta faɗi. Shi ya sa kusan a waje ɗaya take yankewa."

Na sa sabuwa, na ɗaure, na kunna. Ya goge hannunsa a riga, ya danna bidiyon daga farko. Minti ashirin da uku muka zauna, yana amsa mata ƙasa-ƙasa. Ta gyara zama. Ta matso. Na ga ya riƙe gefen tebur.

"Baba, in ba na nan, kuma ka ga fuskarta ta yi shuɗi, don Allah kar ka zauna kana kallonta kamar talabijin. Tana yi mini haka ni ma. Ka kai wa Yaya. Ka ce na ce ya daina lalaci ya duba ta da kyau, ba abin da zai ɓata. Shi ke nan fa. Sai Asabar." Ta yi dariyar nan tata, ta miƙo hannu, hoton ya tsaya.

Shi ke nan abin da ke ciki. Tun shekara biyu ta aiko shi wurina, ni na kore shi da baki. Na sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan sukurdireba, ban ma ji kunya ba.

Kawu ya buɗe ɗan littafinsa, ya rubuta sauran maganar har ƙarshe da kyakkyawan rubutunsa, ya ɗiga aya. Ya daɗe yana kallon ayar.

"To, ta gama," ya ce. Ya ɗauki ruɓaɓɓiyar sandar yana juya ta a tafin hannu. "Injiniya, wannan za ta iya komawa?"

Na ce masa ba za ta koma ba. Ƙarya na yi, aikin minti biyu ne.

Kwamfutar ba ta sake mutuwa ba. Yana nan a barandarsa, sandar tana cikin durowa a naɗe da takarda, kuma har yanzu in an tashi daga ofis yakan kunna bidiyon daga farko. Na sake zuwa sau ɗaya na tsaya daga nesa. Da ta gyara zama ta ce, "Baba, in ba na nan," sai na ga mutumin da bai taɓa katse mai magana ba ya sa hannu a hankali ya rufe kwamfutar.