Liƙin da Ya Kori Nafiou daga Riyad

Nafiou ɗan Maradi ne, jikan makaɗan gurmi, amma yunwa ta raba shi da kiɗa tun yana saurayi. Ya sayar da gonar gado ya sayi biza, ya sauka Riyad, ya samu shimfiɗa a wani cunkusasshen ɗaki a unguwar Manfuha. Aikinsa jera kujeru da shara a wani zauren kiɗa, irin waɗanda aka buɗe 'yan shekarun nan. Da wannan tsintsiyar ce matarsa Zouera da yaransu suke ci. Dokar mudir, shugaban ma'aikata, ɗaya ce: in baƙi sun zauna, kada a ga mai shara. Wanda aka gani, iƙamarsa, takardar zamansa, ta mutu.

Ya daɗe yana kiyayewa. Sai aka fara kawo masu kaɗa jita irin ta Sifen. Mutum ɗaya tal a zaune, ba waƙa, ba kirari, manyan mutane sun yi tsit sai ka ce ana huɗuba. Daga bayan labule Nafiou yake saurare, yana jin daɗi, yana jin haushi.

"Yaya Badamasi," ya ce wa abokin aikinsa, Bakano mai furfura, "mutum na narkar da zuciyarsa a kan tsirkiya, ko mai tashi ya karrama shi babu? Wannan ai wulaƙanci ne."

"Kai dai riƙe tsintsiyarka. Nan ba Maradi ba ce."

Ina! Ran nan wani tsohon Bature ya kama wani kiɗa mai sanyi, mai rawar murya, har hawaye suka jiƙa wa Nafiou gemu. Bai san sadda ƙafafunsa suka ɗauke shi ba. Da rigar shara ya ratsa hasken fitilu, ya zaro takardar riyal, ya manna wa tsohon a goshi, yadda ake yi wa gwanin makaɗi a gida.

Kiɗa ya yanke. Wata mata ta ƙwalla ihu. Masu gadi suka danne shi, suka ja shi ta ƙofar baya kamar buhun gero.

Mudir bai ko ɗaga murya ba. "Kawo iƙama. Khalas, shi ke nan, gida za ka, ba dawowa."

Washegari Badamasi ya kai wa Nafiou jakarsa inda aka tsare shi. Nafiou ya tare shi da zumuɗi, bawan Allah: "Yaya, tsohon fa? Ya gane dai ko?"

Badamasi ya kau da kai. "Cewa ya yi a tambaye ka, me ya yi maka da kake son kashe shi."

Nafiou ya sulale ƙasa, ya rungume jakar, ya fashe da kuka.