Igiyar Ɓaunar Baba Isko

Ranar ta fara da wankan ɓauna. Ƙarfe biyar da rabi, na idar da sallar asuba, na tarar da Baba Isko a bakin rijiya yana cuɗa ta da ɓawon kwakwa. Mu a Matameye sai a labarin maharba muke jin ɓauna. A ƙasar Filifin ita ke jan garma. Wani furojen noma ne ya tura ni koyon aikin shinkafa, aka sauke ni gidan wannan tsoho, a wani ƙauyen 'yan Tagalog da ke bakin teku. Wata huɗu na yi, amma yarensu ban riƙe fiye da na gaisuwa da na cin abinci ba.

Arzikin garin shinkafa ne da kwakwa, sai gishiri da kifi. Kakanninsu na kwance bayan majami'a tun zamanin Turawan Sifaniya. Duk da haka wani kamfani ya zo da takarda, wai gaɓar tasa ce, otal zai gina. Sau biyu yana ba su wa'adin tashi. Mutanen gari sun ce ba mai taɓa su ranar bikin girbi.

A bikin, kowane gida yakan rataya dammunan shinkafa a ƙofa. Ana shafa wa ɓaunaye mai a ƙaho, a ɗaura musu furanni, a kai su filin majami'a su durƙusa idan ƙararrawa ta kaɗa. Wata guda Baba Isko ya yi yana koya wa tasa, yana buga ƙarfe, yana ba ta rake.

Kwana uku ana harba abin fashewa na wasa. Ranar farko na faɗa ƙarƙashin tebur. Na yi cin rani a Maiduguri a munanan shekaru, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Gari duka ya samu abin dariya.

Ranar bikin, bakwai saura kwata muna filin, na ji ƙara daga wajen gada. Uku, shiru, uku. Wannan ba ta wasa ba ce. Na riƙo hannun tsoho, na ce bindiga da Hausa, na faɗa da Faransanci, na kwatanta da yatsa. Ya yi dariya har da hawaye, ya nuna mini wani tebur. Matarsa, Inna Nena, ta shafa mini baya. 'Yan badujala suka ci gaba da busa. Ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba.

Bakwai da minti goma mai babbar ganga ya faɗi. Katafila biyu suka shigo ta kan titi, bayansu mutane da fuska a rufe. Gidan farko ya kama wuta.

"Takbo!" Wannan kalmar na gane ta ba tare da tafinta ba. Gudu.

Titi na hannunsu, sai teku. Muka nufi gaɓa. Inna Nena na gaba, ni da tsoho muna jan ɓauna. Saura kaɗan mu fita daga filin, wani bawan Allah ya hau hasumiyar majami'a ya kaɗa ƙararrawa don ya sanar da na gona.

Ɓauna ta durƙusa.

A tsakiyar fili, ba ko itace. Na ja igiya har hancinta ya yi jini. Na harbe ta da ƙafa. Ƙararrawa ba ta daina ba, ita ma ba ta tashi ba. Abin da aka koya mata take yi. Harsashi ya tayar da ƙasa kusa da mu.

Baba Isko ya kwance igiyar daga hancinta, ya bar ni da ita a hannu. Ya nuna matarsa, ya tura ni.

"Takbo."

Da na waiwaya, ya tsuguna yana yi mata magana a kunne.

Na goya Inna Nena cikin ruwa har ƙirji, aka ja mu cikin kwalekwale. Ni da ban iya iyo ba, ban ma tuna tsoron teku ba. Bakwai da rabi ƙararrawa ta yi shiru. Sai ƙarar bindiga sau biyu, a rarrabe. Bayan nan injin katafila kawai muke ji.

Ƙarfe tara muka sauka a garin gaba. Inna Nena ta tsaya bakin ruwa tana duba kowane kwalekwale har la'asar.

Kwana uku bayan haka masunta suka ga ɓaunar tana kiwo a gaɓa, da busasshen fure a ƙaho ɗaya. Baba Isko kuwa gawarsa aka samu, a garin baƙi aka binne shi, ba bayan majami'arsu ba.

Igiyar tana rataye a ɗakina a Matameye. Bara matata ta ɗauko za ta ɗaure ragon layya, na karɓe na mayar. Minti ashirin da biyar na riga kowa sani. Ba su amfani kowa ba.