Ranar da Yaya Iliyasu Ya Ce wa Bajamushe A'a

Shekara ashirin da bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Iliyasu na Ƙarfi. Ni ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In kun ji magana ta yi kwana, ku biyo ni a hankali, na san inda za ni.

Yaya bakanike ne a gidan gurzar auduga na Funtua. Bayan samun mulkin kai aka tura shi ƙasar Jamus koyon gyaran inji, ya dawo da harshensu a bakinsa. Mu dai labari muke ji, ba wanda ya taɓa jin ya yi, sai kakar da wasu Jamusawa masu ɗaukar hoton majigi suka zo ɗaukar noman auduga, aka ara musu shi ya zama tafinta. Sun yi masa alkawari, in aiki ya yi kyau za su wuce da shi Zariya da Kano, daga nan su nema masa hanyar komawa Jamus ya ƙarasa karatun inji. Ba abin da yake so a duniya kamar wannan.

Kullum kafin a fara aiki sai ya tara su a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai gari. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ɗan uwana, wanda muka sha nono ɗaya, ya tsaya yana zuba Jamusanci kamar ana zazzage tsakuwa a kwano, Turawa sun yi tsit suna gyaɗa kai. Ya nuna gabas, dogon cikinsu ya ɗauki kyamara mai ƙafa uku ya nufi can. Ya ɗaga yatsa, mai ɗaukar murya ya sauke sandar makirufonsa. Mu mata muna leƙe ta kan danga. Da na tambaye shi me yake gaya musu, ya ce ba wani abin mamaki ba ne: gonar wa za a shiga yau, ina rana za ta kasance, wa zai tsaya ina. Sannan a gaisa kafin a ɗora ido a kyamara, a cire takalmi a zaure, kada a ɗauki mutum yana cin abinci. Ya ce su mutane ne masu son a gaya musu komai daki-daki tun da safe, in ka bar abu ɗaya za su ɗauka babu shi.

Ashe akwai abin da ya manta bai faɗa ba.

Shugabansu, wanda muke kira Mai Jan Gemu, ya gan ni ina kaɗi a tsakar gidan mijina, yarona na fari yana rarrafe can wajen kakarsa. Nan take ya ce ga abin da zai rufe majiginsa da shi: uwa ta ajiye mazari, ta ɗauki ɗanta, ta kira sunansa, ta yi masa wasa. 'Yan yanzu ba za su gane ba. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ga uwar mijina zaune, ga matan unguwa sun cika gida. Da na yi, kafin sati sunana ya shiga waƙar niƙa, kuma wadda aka sa a waƙar niƙa a Ƙarfi ba ta fita sai da likkafani. In na ƙi kuma, na ɓata wa Yaya aiki. Na sunkuyar da kai, zare ya tsinke a hannuna.

Yaya bai fassara mini umarnin ba ma, daga nune-nunen mutumin na gane. Ya juya ya dubi Mai Jan Gemu ya ce, "Nain." Ita kaɗai na riƙe a duk Jamusancin, a'a ke nan.

Fuskar mutumin ta zama kalar gemunsa. Ya yi ta faɗa yana nuna agogo, Yaya yana ba shi amsa a sanyaye, hannu a baya, bai ɗaga murya ba kuma bai ja da baya ba. Can sai Yaya ya juyo gare ni ya ce, "Ladi, tashi ki kai wa yaron kunu yadda kika saba." Na tashi na ajiye ƙoƙo kusa da surukata, ban dubi yaron ba, na juya. Ita ta ɗauke shi ta ɗora a cinya tana zolayarsa tana ce masa "maigidana". Dogon mai kyamara ya ɗauki wannan, ya daɗe bai ɗago kai ba. Surukata ta bi ni da kallo ta ce, "Yarinyar nan 'yar mutane ce."

Da suka gama da garinmu suka wuce Zariya, Yaya ya koma bakin injinsa a Funtua. Na tambaye shi batun Jamus, ya ce sanyin can ne ba ya so. Na yarda, don Yaya ba ya ƙarya. Sai a zaman makokinsa matarsa ta gaya mini cewa a ranar da Yaya ya ce a'a ɗin nan Mai Jan Gemu ya ce zai nemi wani tafinta, mai fassara abin da aka ce ba mai gardama ba. Yaya ya sa ta yi rantsuwa ba zan ji ba yana raye.

Yau kowane jikana da kyamara a aljihu. Ana ɗaukar amarya tana kuka, ana ɗaukar tsoho da loma a baki, har gawa na ga an bi da waya. Nakan ce da Yaya yana nan me zai ce? Ba na jin zai hana. Shi mutumin inji ne, sai ya karɓi wayar ya juya ta ya ga yadda aka ƙera. Amma na tabbata zai tara su a gindin bishiya tukuna, ya tambaye su wa suka gaisar, wa ya ce ya yarda.

Majigin nan ban taɓa ganinsa ba. Jamusancin ya tafi da shi kabari, ko ɗaya cikin 'ya'yansa bai iya ba. Abin da ya rage ni ce, tsohuwar da ta tsufa tana shiga taron mata kai a sama, ba wadda ta taɓa yi mata habaici da rashin kunya. Na daɗe ina ɗauka halina ne ya ba ni. Ashe da tafiyarsa Jamus aka saya mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya, Ya kai ka inda ya fi Jamus.