Lorna Kivela, Wadda Ta Nemo Wa Curtis Ƙwallonsa

Kafin shagunan gari su buɗe, Lorna Kivela ta riga ta kankare ƙanƙarar da ta kwana a gilashin mota, ta ɗura kofi a fulas, ta loda tsani da jakar kayan aiki. Haka muka san ta a garinmu Duluth, da ke bakin babban tafki, shekara kusan talatin. Farar motar shagon Tollefson take ja, mai ƙofar nan da ba ta rufuwa sai an bi ta da ƙafa. Tana hawa tudun gari gida-gida, ta kafa talabijin a bango, ta ja wayoyi ta bayan kabad, ta gyara abin da zai gyaru. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Kafaɗa ta gaji, likita ya hana ta ɗaga kaya sama da kanta. Babu jaridar da za ta buga hotonta, shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kanta tun tana ji da kunnenta.

Tun da aka fara kawo talabijin ɗin nan masu fitar da hoto garau, waɗanda ake ce wa 4K, tambaya ɗaya ce ta fi damun masu wasan gem: in na saya, wasana zai fi kyau? Lorna ba ta taɓa ba da amsar nan a cikin shago ba. Sai ta je gidan, ta ga na'urar wasan, ta ga inda kujera take.

Shawna, mai tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, tana da sabuwar na'ura, kuma kusa da allo take zama kamar za ta shige ciki. Lorna ta duba ta ce, "Saya, kada ki ƙara tunani. Har gashin girar 'yan wasan za ki ƙirga." Shawna ta saya, har yau tana ba da labari. Amma da Lorna ta je gidan wasu mata da miji masu tsohuwar na'ura, kujerarsu can ƙarshen falo, cewa ta yi, "Talabijin ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. Na'urarku hoton da take turowa ke nan, sai dai ya baza shi ya cika fuska. Daga inda kuke zama kuwa, idonku ma ba zai ga bambancin ba. Ku matso da kujera tukuna mu gani."

Mai shagon, tsoho Tollefson, ya sha yi mata ƙorafi. "Lorna, wai ke mai sayarwa ce ko mai korar mutane?"

"Ni ce mai komawa gidajen in abu bai yi ba," in ji ta. "Kai kana nan kana shan ɗumin hita, kana cin donot mai sukari."

Amma in ana son sanin ko wace ce Lorna, sai a tambayi iyalin Curtis Gagnon.

Curtis ya ƙare ƙuruciyarsa a jiragen ruwan da ke dakon tama a tafki. Da ya tsufa, hawan jinin ido ya kama shi, ya riƙa cin ganinsa daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama kamar mai leƙen duniya ta bututu. Ƙanensa Gene yana can Dakota ta Arewa, tafiyar wuni guda. Ciwon daji ya sa aka yi wa Gene aiki a maƙogwaro, murya ta tafi gaba ɗaya. To ka ji yadda abin ya kasance: ɗaya ba ya iya magana, ɗaya ba ya iya karanta saƙo. Renae, 'yar Curtis, ta saita masa waya ta riƙa karanto saƙonnin da baki. Ya saurara sau ɗaya ya ajiye. "Wannan matar ba ƙanena ba ce," ya ce.

Abin da ya rage musu shi ne hoki, wasan nan na kora ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, suna buga shi a gem, kowa daga gidansa, duk Lahadi bayan an taso coci. Tun suna yara suke tsere a kan ƙanƙara, kuma a cikin wasan nan ma kowa ya san hannun ɗan'uwansa. In Gene ya bangaje ɗan wasan Curtis ya maka shi da katanga, Curtis ya san ƙanen ya tashi da raha. In ya ga yana wasa sanyi-sanyi, ya san jiki ya motsa, sai ya sa Renae ta kira matar Gene ta ji. Hirarsu ke nan.

Sai ƙwallon ta fara ɓace wa Curtis. Ƙwallon hoki dama 'yar baƙar aba ce kamar murfin gwangwani, tana gudu a kan farin fili. Renae ta ga abin yana cin ransa, ta je wani babban kanti ta ɗauko masa talabijin 4K wanda ya kusa cinye bango. Da zuciya ɗaya ta yi. Abin mamaki, sai wasan ya ƙara lalacewa. Ya danna, ɗan wasansa ya motsa bayan an wuce shi. Ya nemi ƙwallo a hagu, a ci shi a dama. Wata Lahadi ya ajiye madannin wasan ya ce shi ya gama. Lahadi ta zo ta wuce bai kunna ba, wata ma ta zo ta wuce.

Matar Gene ta kira Renae. Ta ce mijinta yana zama gaban allo da madanni a hannu har rana ta karkata, yana jira. Ya daina tambaya, ya rage cin abinci. Ya ɗauka yayansa ya gaji da shi ne.

Renae ta kira shagon Tollefson a zo a duba, tana zaton sabon talabijin ɗin ne mai matsala. Lorna ta zo, ta kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmi, ta gaishe da tsohon. Ya amsa ba tare da ya juyo ba.

Ta fara da abin da ta sani. Irin waɗannan talabijin suna tsayawa su yi wa hoto kwalliya kafin su nuna shi, kuma kwalliyar nan ce take jawo jinkiri tsakanin yatsa da allo. Ta shiga saiti ta kashe kwalliyar, ta sa shi a yanayin wasa. Ta miƙa wa Curtis madannin.

"Gwada mu gani, Mista Gagnon."

Ya gwada. Jinkirin ya tafi, ɗan wasa yana bin yatsa. Amma ba a jima ba ƙwallon ta sake ɓacewa, yana ta juya kai kamar mai korar ƙuda. Ya jefa madannin kan kujera.

"Ki kwashe shi kawai, baiwar Allah. Ba talabijin ba ne, ido ne. Ido kuwa ba ki da sukundirebansa."

Wani ma'aikacin da nan zai tattara kayansa, kuma babu mai ganin laifinsa, tunda abin da aka kira shi ya duba lafiyarsa ƙalau. Lorna ta tsaya tana kallon yadda tsohon ya kau da fuska don kada 'yarsa ta ga idonsa. Ta ji abin ya tsaya mata a rai.

"Gaskiyarka, ba ni da shi," ta ce. "Amma ban gama ba. Kalli tsakiyar allon, kada ka motsa kai. Zan kawo yatsana daga gefe, in ka gan shi ka ce tsaya."

"Wasan yara za mu yi?"

"Kai da ka wuce saba'in kana buga gem, ni za ka yi wa maganar wasan yara?"

Dariya ta kusa kuɓuce masa. Ya kafa ido. Ta kawo yatsa daga hagu, daga dama, daga sama, daga ƙasa, duk inda ya ce tsaya ta manna ɗan salatif a jikin allon. Da suka gama, Renae ta dubi bangon ta rufe baki. A duk girman talabijin ɗin nan, abin da mahaifinta yake gani bai wuce faɗin faranti ba. Sauran duk duhu ne a wurinsa. Ashe girman da aka saya don a taimake shi, shi ne yake ɓoye masa ƙwallon.

"Wato ni na ɓata abin," in ji Renae.

"Ba ki ɓata komai ba. Talabijin ne mai kyau, ba don idonsa aka yi shi ba ne kawai. Ki mai da shi gidanki, za ki ji daɗinsa."

Lorna ta san wayoyi da allo, amma ba ta san ido ba, kuma ba ta yi kamar ta sani ba. Da iznin Curtis ta je cibiyar masu raunin gani ta sami wata ma'aikaciya, ta zauna ta yi tambayoyi kamar ɗaliba. Can ta koyi cewa mai irin wannan ciwo farin haske yana kashe masa ido, kuma bambancin fari da baƙi ya fi masa amfani a kan yawan ƙyalli. Filin hoki kuwa fari ne fat.

Ta dawo da ƙaramin allo ta ɗora a tebur, yadda filin duka zai shiga cikin ɗan abin da yake gani. Bai yi ba, jinkiri gare shi. Ta mayar ta kawo wani. Wannan yana ɗaukar ido, hasken taga yana faɗowa a kansa. Curtis ya ce ta bari haka, ta yi ƙoƙari. Tollefson ma ya ce ta bari, akwai gidaje suna jira. Ta yi gidajen, sannan ta biya ta gidan Curtis da yamma kafin ta mayar da mota. Ta juya teburin ya bai wa taga baya. Ta ɗinko labule mai kauri da kanta. Ta rage hasken allo har farin ƙanƙarar ya koma ruwan toka, baƙar ƙwallo ta fito sarai. Ta shiga saitin wasan, ita da ba ta taɓa buga shi ba, ta laluba har ta gano yadda ake kallon filin daga sama, da yadda ake sa wa ƙwallo alama mai kauri. Tana matsar da kujerar gaba da baya tana tambaya, "Yanzu fa? Yanzu fa?"

Har ranar da ya ce a hankali, "Ina ganin raga biyun."

Lahadin da ta biyo ba ranar aikinta ba ce, amma ta zo, ta tsaya a ƙofar kicin ita da Renae. Curtis ya kunna. Ko gama zama bai yi ba sunan Gene ya bayyana, don dama yana can yana jira. Aka jefa ƙwallo. Abin farko da Gene ya yi, ya bar ƙwallon ya taho a guje ya maka ɗan wasan yayansa da katanga.

"Ɗan banza!" Curtis ya yi ihu, yana dariya har da tari. "Kun ga ɗan banzan yaron nan? Haka yake tun yana shan nono!"

Gene ya lallasa shi ranar, babu tausayi. Amma dab da tashi Curtis ya kama ƙwallon a tsakiyar fili, ya bi ta da ido har bakin raga, ya zura. Nan take wayar Renae ta yi ƙara. Matar Gene ce. Ta ce a saurara, ta kara wayar kusa da mijinta. Ƙarar tafin hannu ce a kan tebur, bam, bam, bam. Ta ce Gene ne yake dukan tebur yana kuka, kuma ya yi mata alama ta kawo abinci. Da Renae ta juya ta yi wa Lorna godiya, sai ta tarar da ita har ta sa takalmi tana neman makullin mota.

Lorna, ke ce kika ƙi yarda cewa aiki ya ƙare don kawai na'ura ta kunnu. Ke ce kika dubi mutum kafin ki dubi kwali. Wanda babban talabijin zai amfana kin ce masa ya saya, wanda ba zai amfana ba kin faɗa masa a fuska, ba ki taɓa rusa wa kowa sha'awarsa ba, ba ki kuma taɓa sayar wa kowa da mafarki ba. Curtis ma ba ki yi masa ƙarya ba. Kin gaya masa babu allon da zai tsayar da ciwon, abin da za ki iya shi ne ki bi shi duk inda ganin ya matsa.

Kuma ta bi. Kwanan nan likita ya ce idon hagu ya kusa rufewa. Renae ta ce bayan kwana kaɗan sai ga Lorna a ƙofa, a motarta ta gida, riƙe da abin sauraron sauti da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa.

"Na ji an ce za ki yi ritaya," in ji Curtis.

"Daga shago zan yi. Matsa in zauna. Ƙarar sanda daban, ƙarar katanga daban, kuma wannan abin yana nuna ta wane gefe take zuwa. Kafin idon ya gama tafiya, kunnen nan ya koyi aikin."

"In kuma kunnen ya ƙi fa?"

"Sai mu ga abin da ya rage. Sa a kai."

Ya karɓa ya sa.

Mun gode, Lorna Kivela. Allah ya huta da kafaɗar nan, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Ku kuma matasan da za ku gaji motar da tsanin, za a kawo muku talabijin da suka fi na yau, haka abin yake. In kun shiga gida kun kafa, hoto ya fito garau, kada ku yi saurin naɗe waya. Ku juya ku dubi wanda ke kan kujerar, ku tambaye shi me yake gani, sannan ku tsaya ku ji amsar.