Jinin da Muka Ɓoye wa Baba

Ranar wata Asabar ce da azahar, a ƙarshen daminar da na shiga aji uku, Inna ta kwashe dafa-duka ta turo mana tukunya mu kankare ƙanzo a tsakar gidanmu na Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Ni na riga kai hannu, Arzika ya riga kama bakin tukunya. Arzika yayana ne, sako da sako muke, kuma ban taɓa yarda cewa 'yar tazarar da ke tsakaninmu ta isa in bar masa komai ba. Ya ja, na ja. Ya sakar mini rankwashi a tsakar ka, na kafa masa haƙora a dantse har sai da na ji gishirin jini a bakina. Ya rarumi muciya ya shimfiɗa mini a gadon baya, na kama ƙafarsa muka zube tare. A cikin birgimar ne muka ture tukunyar ruwan zafi da ke kan murhu, ta kife dab da ƙanwarmu Inno, wadda a lokacin rarrafe take. Ruwan ya taɓa 'yan yatsun ƙafarta kawai, amma kukan da ta tsala ya yi daidai da shigowar Baba daga gona, fartanya a kafaɗa.

Ba wannan ne faɗanmu na farko ba, ba ma na ranar ba. Mun yi faɗa a kan guga, a kan wanda zai zauna gaban keken Baba, a kan kan kifi, a kan wane ne ya fara kallon wani. Na fasa masa leɓe da allon makaranta, ya taɓa jefa ni cikin kwatami da kayan Sallah. Kakarmu takan ce ba laifinmu ba ne, ni na ƙwace masa nono, don cikina ne ya sa aka yaye shi da wuri, shi kuma bashin nan yake bi na har yanzu. Inna in ta gaji da rabo sai ta koma kan turminta ta ce, "Ku kashe junanku in huta." Amma a makaranta babu yaron da ya isa ya taɓa ni. Wani ƙato ɗan aji biyar ya taɓa fizge mini ɗankwali a bakin famfo, Arzika ya haye shi da duka har malami ya zo da bulala. Da aka tambaye shi dalili, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni kaɗai ka bugun ta." A hanyar komawa gida kuwa ya buge ni, wai don na tsaya ina kuka a gaban mutane.

Baba ba mai duka ba ne, kuma da duka ya yi mana a ranar da ya fi sauƙi. Ya duba ƙafar Inno, ya duba dantsen Arzika, ya wanke hannunsa ya zauna. Yana da wa a Argungu, Baffa Nomau, masunci, wanda Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma ya daɗe yana roƙon a ba shi Arzika riƙo, Baba yana ta ja masa rai da sai yaro ya ƙara wayo. Ranar Baba ya dube mu ya ce, "Duk randa nis sake ganin jini tsakaninku, Arzika shi tai Argungu wurin Baffanai. Ba shi komowa gidanga sai da Sallah." Mun san Baba, in ya faɗi magana ba ya komawa ya ɗauke ta. Na kalli Arzika ya kalle ni. Na tsane shi sau goma a wuni, amma ban san yadda ake wuni babu shi ba.

Kada wani ya zaci mun daina. Abin da muka koya shi ne faɗan shiru. Mukan zaga bayan rumbu ko lungun akurkin kaji, mu daki juna baki a rufe. Babu cizo, babu yaƙushi, babu dukan fuska, don su ne ke barin shaida. Sai naushi a ciki, murɗe hannu, mintsini a cinya inda zane ke rufewa. Wanda ya ji zafi ya cusa gefen rigarsa a baki. In mun gama, shi zai karkaɗe mini ƙasa a baya, ni in duba masa wuya ko akwai alama, sannan mu fito ɗaya bayan ɗaya. Inna har ta fara gaya wa maƙwabta cewa addu'arta ta ci.

Da shinkafa ta fitar da kai, aka fara tura mu korar tsuntsaye a gonarmu ta fadama wajen Ambursa. Baba kan sauke mu da sassafe ya wuce wata gonar, ya bar mana fura a gora. Ya kafa mana 'yar rumfa a tudu, ya ja igiyoyi cikin gonar da gwangwanaye a rataye, in an girgiza su yi ta ƙara. Tsuntsayen jan-baki kuwa ba su da kunya, za ka hango su sun taso baƙi ƙirin daga wajen gulbi, in suka sauka a gefenka kafin ka gama ihu sun tsotse abin da za su tsotsa. Babban makaminmu majajjawa ce. Mukan cura laka ƙanana mu shanya a rana ta bushe, ita muke jifa da ita, don in ta faɗi sai ta tarwatse, ba ta yi wa kowa lahani. Arzika shi kaɗai ya ƙirƙiro cusa tsakuwa a cikin curinsa, wai don ya fi nisa, ni ma kuma na san da haka.

Ranar da abin ya faru, tsuntsaye sun sauka a gefena ina can ina shan fura. Ya zo a guje ya kore su, ya juyo ya shure gorar daga hannuna. A fadama babu mai jin mu, don haka duk dokokin bayan rumbu muka watsar. Na cika hannu da taɓo na watsa masa a ido, na bi shi da kai a ciki ya faɗa cikin ruwa, na haye shi ina danna fuskarsa a laka har ya fara shure-shure. Da ya kuɓuce yana tari, na san in ya kama ni na kaɗe, sai na zura da gudu a kan gaɓar gona. Na ji kukan majajjawa a bayana. Abu na gaba da na sani, ina kwance rub da ciki a cikin shinkafa, bayan kunnena na dama ya yi ɗumi, jini yana bin wuyana yana shiga rigata.

Arzika ya iso a guje. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban zage shi ba, tunaninmu ɗaya ne. Ya wanke mini wurin da ruwan gona, jini ya ƙi tsayawa, sai ya ɗebo laka mai danƙo ya liƙe ramin da ita, yadda muke ganin ana toshe ɓarakar gaɓa. Ya ɗaure mini ɗankwali tamau har kan kunne, muka wanke rigar muka shanya a kan rumfa. Na ce masa, "In ka hwaɗi ma kowa sai na kashe ka." Ya ce, "Ke dai kar ki ɗebe kallabinga." Da Baba ya zo ɗaukar mu da la'asar, ya tarar da mu zaune gefe ɗaya muna girgiza igiya, har ya sa mana albarka.

Kwanakin da suka biyo baya da ɗankwali nake kwana, da shi nake tashi. Inna ta ce in zo ta tsefe mini kai, na ce kitson bai tsufa ba, na gudu islamiyya tun lokaci bai yi ba. Wurin ya fara zugi, sannan ya kumbura, har juya wuya ya gagare ni. Arzika ya ɗauke mini jan ruwa da share wurin awaki, kuma kullum sai ya ja ni bayan rumbu ya ɗaga ɗankwalin ya leƙa. Da farko yakan ce ya kusa warkewa. Daga baya sai dai ya mayar da ɗaurin ya kau da kai. Zazzaɓi ya rufe ni, Inna ta ɗauka na sauro ne ta dafa mini ganye. Ni kuwa na ƙudura ko kan zai ruɓe ya faɗi, ba zan buɗe baki ba.

Wata safiya ina kwance a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ina rawar ɗari rana tsaka, Baba ya fito zai buga keke. Arzika ya je ya riƙe kan keken. Ina jin sa da kunnena ya ce, "Baba, ba masassarar sabro ta ba. Ni nij jehe ta da dutsi, kanta ya ruɓe." Na yunƙura in ƙaryata shi, jiri ya mayar da ni. Inna ta warware ɗankwalin, ya fito da laka da gashi da ruwan ciwo, ta yi salati ta zauna daɓas a ƙasa. A asibiti aka aske mini rabin kai, mutum biyu suka danne ni aka matse wurin aka wanke aka ɗinke, na yi ihun da duk na haɗiye a bayan rumbu. Mai jinyar ta gaya wa Baba da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Inna ta roƙa, kakarmu ta roƙa, suka ce yaron nan shi ya kawo kansa. Baba ya ce ya sani, kuma ya ji daɗin hakan, amma ya riga ya faɗi, kuma ya riga ya aika wa wansa. Ranar tafiyar Arzika ya shigo inda nake kwance, sanye da rigarsa ta Juma'a, kayansa a ƙulle cikin buhu. Na ce, "Wa yac ce ka hwaɗi? Ba mun yi da kai ba?" Ya ce, "Kanki wari shikai, Kulu. Mutuwa za ki yi." Na ɗauki kofin silba da ke gefena na jefe shi da duk ƙarfin da ya rage mini, ya same shi a goshi. Na jira ya rama. Ya sunkuya ya ɗauki kofin ya ajiye mini kusa, ya saɓa buhunsa ya fita. Na yi kuka har ɗinkin ya nemi buɗewa.

Da Sallah ya zo, ya yi baƙi ya yi tsawo, tafin hannunsa ya yi kanta saboda jan komar kamun kifi da tuƙin jirgi. Na shirya masa tsaf. Yana zaune na taka masa ƙafa da gangan, ya janye ta. Na murɗe masa naman cinya, ya cire hannuna a hankali ya ce, "Sannu Kulu, ya jiki?" Gaisuwar baƙo ya yi mini a cikin gidan ubanmu. Na zage shi, na kira shi mai ƙarnin kifi, ya yi murmushi ya tashi ya bi Baba zaure. Daga ranar da jinina ya zuba a fadama, hannun Arzika bai sake sauka a jikina ba, kuma bai sake zama ɗan gidanmu ba. Can ya girma, can ya yi aure, 'ya'yan Baffa ne suka san dariyarsa da fushinsa.

Yanzu ina aure a Badariya, ina da yara biyu sako da sako, kuma a kan waya suke nasu yaƙin. In sun kaure nakan shiga tsakani, in tsawata, wani lokaci in haɗa da mari. Babansu ya taɓa cewa a kai babbansu makarantar kwana ko gida ya huta, na ce masa ba da raina ba. Arzika kan turo mini busasshen kifi ta hannun direbobin Argungu, kuma yakan kira ni ranar Juma'a. Sai mu gaisa, ya gida, ya yara, ya ruwa, ya sanyi, sannan kowa ya tsaya jiran ɗan'uwansa ya kawo magana. Ba mu sake samun saɓani ba tun da ya bar gida, mutane har misali suke yi da mu. Ni kuwa har yau ina jiran ya rama jifan nan.