Mai Juya Kan Jirgi

Sarkin Juyi ake ce masa a tashar jirgin ƙasa. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne: idan kan jirgi mai cin kwal ya hau babban faifan ƙarfe, sai ya kafa kafaɗa a jikin sanda, shi da abokansa su yi ta turawa har jirgin ya fuskanci inda ya fito. Da wannan ya aurar da ƙannensa, a nan kuma ya rasa jin kunnensa na dama.

Da jiragen dizal suka zo, masu tafiya gaba da baya ba sai an juya su ba, aka sallami abokansa. Shi aka bar shi gadin faifan, yana kallon tsatsa tana cinsa.

Ranar da aka turo masu yankan ƙarfe su yanke faifan, har da ɗansa na fari a cikinsu. Ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, aiki ne aka sa ni."

"Yi aikinka, kana da iyali," in ji tsohon.

Ya ɗauki butarsa ya tafi gida. Bai sake taka tashar ba har ya rasu.