Tsohon RAM a Ƙarƙashin Tebur

Jama'a, ku ji ta yau!

Ina buga takardun jarrabawar wata makaranta a Karare, tsohuwar kwamfutata sai maƙalewa take. Jiya na cire mata RAM, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar aikinta, na sa sabo mai gudu, amma girmansa giga huɗu kamar tsohon. Ba abin da ya canja!

Sai ga abokina Sani, mai gyara daga Safana. Ya duba ya ce, "Malam, ba gudu take nema ba, wuri ne ya yi mata kaɗan. Haɗa mata biyun. Ina tsohon?"

Na nuna masa ƙafar tebur. Da shi na tokare ta!

Ya ce, "Subhanallahi!" Ya zaro, ya hure ƙura, ya soka kusa da sabon.

Wallahi ta tashi! Yanzu kwamfuta lafiya lau, tebur ne ke rawa.